Bayan Digiri: Tambayoyi da Amsoshi kan Makomar Ɗaliban Farko na Kwalejojin Amurka

Masu karatun tarihin Amurka, musamman waɗanda aka ba su aikin rubutu kan zamanin da ƙasar take ƙarƙashin Ingila, sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya game da samarin da suka fara kammala kwaleji a can: ina suka nufa, me suka zama, yaya suka ƙare. Ga amsoshin waɗanda aka fi yi.

Su wane ne ake nufi da ɗaliban farko?

Galibi ana nufin waɗanda suka fito daga kwalejoji tara da aka kafa kafin Amurka ta ayyana 'yancin kanta a 1776. Harvard ce babbar yaya, an kafa ta a 1636 a Massachusetts. Sai William da Mary a Virginia a 1693, Yale a 1701, Princeton a 1746, Columbia a 1754, kwalejin Philadelphia da ta samu takardar izini a 1755, Brown a 1764, Rutgers a 1766, da Dartmouth a 1769. Wasu daga cikin sunayen nan na baya ne. Columbia, alal misali, Kwalejin Sarki ake ce mata a lokacin.

Kada mai karatu ya hango jami'ar yau da dubban ɗalibai. Aji guda a ƙarni na 17 bai cika wuce mutum goma ba, akwai ma shekarun da Harvard ba ta yaye kowa ba. Yara ne ƙanana, da yawa sun shiga suna 'yan shekara 14 zuwa 16, kuma a farkon zamani iyayen wasu da alkama ko saniya suke biyan kuɗin makaranta.

Digirin yana ba mutum sana'a kai tsaye?

A'a, kuma rashin gane wannan shi ke ruɗa mutane. Abin da ake koyarwa Latin ne da Girkanci da Ibrananci, da mandiƙi, da balaga, da ɗan lissafi da falsafa. Kowa karatu ɗaya yake yi, da mai son hawa mumbari da mai son aikin kotu. Lamarin ya ɗan yi kama da saukar Alƙur'ani a wajenmu: ana biki, ana taya murna, amma mai son zama malami sai ya koma zauren wani babba ya shiga littattafai. Haka mai digiri zai tare a gidan wani tsohon fasto, ko ofishin lauya, ko wajen likita, ya shekara biyu ko uku yana koyo yana yi masa hidima.

Kafin nan yawancinsu sukan taɓa koyarwa a makarantar ƙauye don samun na abinci. Bayan shekara uku mutum ya dawo kwaleji ya gabatar da muhawara a ba shi digiri na biyu, wanda kusan duk mai so yana samu. Yadda wannan hanya ta kasance a aikace yana cikin amsar da ta yi magana kan lauyoyi da likitoci.

Ina ajin farko na Harvard ya nufa?

Mutum tara aka yaye a 1642, kuma bakwai daga cikinsu sun tsallaka teku zuwa Ingila. Dalilin a fili yake. A shekarar ne yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa, kuma mabiya ɗariƙar Puritan ta Kiristoci masu neman tsarkake cocin Ingila, waɗanda iyayen yaran nan suka gudo saboda ita, su ne tauraronsu ke haskawa a can. Guraben aiki a coci da rundunar soja sun buɗe, alhali a Massachusetts garuruwan kaɗan ne, kowanne kuma da fastonsa.

Benjamin Woodbridge, wanda sunansa ke kan gaba a jerin, ya riƙe coci a garin Newbury na Ingila har aka tsige shi a 1662 bayan sarautar da yaƙin ya kifar ta dawo. William Hubbard yana cikin waɗanda suka zauna, ya yi fasto a Ipswich, ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Turawa da 'yan asalin ƙasar. Wani da ya biyo bayansu, George Starkey na ajin 1646, ya tafi Landan ya duƙufa kan haɗa magunguna da neman hanyar mayar da ƙarfe zinari. Shi ya koya wa shahararren masanin kimiyya Robert Boyle aikin sinadarai, Isaac Newton ma ya karanta rubuce-rubucensa, annobar 1665 kuma ta tafi da shi.

Da gaske ne titin da firayim ministan Birtaniya yake zaune sunan ɗalibin Harvard ne?

Da gaske ne. George Downing ɗan ajin 1642 ne, mahaifiyarsa kuma 'yar'uwar Gwamna John Winthrop ce. Ya fara da wa'azi a rundunar wani kanar mai suna John Okey, daga nan ya zama shugaban masu leƙen asirin Oliver Cromwell, jagoran rundunar majalisa, a Scotland, sannan jakada a Holan. Da ya ga iska ta juya, sarauta za ta dawo a 1660, sai ya yi mubaya'a ga Charles na biyu, ya ɗora laifin ra'ayinsa na da kan tarbiyyar da ya samu a Amurka.

Don ya nuna biyayya, a 1662 ya sa aka kama mutum uku daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kashe tsohon sarki Charles na ɗaya, suna ɓoye a Holan, aka mayar da su Landan aka kashe. Ɗaya daga cikinsu Okey ne, ubangidansa na da. Samuel Pepys, wanda ya taɓa yi masa akawu, ya kira shi maci amana a littafinsa na yau da kullum. Duk da haka mutum ne mai kai a harkar kuɗi, ya gyara tsarin baitulmalin Ingila, ya tara dukiya, ya gina jerin gidaje a Westminster. Su ne titin Downing na yau. A ganina babu wanda ya kai shi nuna cewa waɗanda suka kafa kwalejin ba su da iko kan abin da ɗalibi zai yi da iliminsa.

Yawancinsu fastoci suka zama?

A ƙarni na 17, kusan rabin waɗanda Harvard ta yaye coci suka nufa, kuma Yale ta fi haka a shekarunta na farko. Aiki ne na har abada idan an yi sa'a. Gari zai gayyaci saurayi ya yi wa'azin gwaji na wasu watanni, idan ya yi musu sai a ƙulla yarjejeniya: fili, gida, albashin da wani ɓangarensa hatsi ne, da itacen girki na hunturu. Rigima kan itacen nan da albashin da ba a biya ba ta cika takardun garuruwa da yawa. Fasto shi ne malamin makaranta a wasu wurare, shi ne mai magani, shi ne mai rubuta wasiyya.

Edward Taylor, ɗan ajin 1671, ya tafi Westfield, wani ƙauye a bakin daji, ya zauna fiye da shekara 50 har ya rasu a 1729. Mutanen garin sun san shi da wa'azi da magani. Sai a 1937 aka gano tarin waƙoƙinsa a ɗakin karatu na Yale, yanzu kuma ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan zamanin.

Suna ba ya kare mutum daga kora. Jonathan Edwards, wanda ya gama Yale a 1720, shi ne malamin tauhidin da ya fi kowa shahara a ƙasar, amma jama'arsa ta Northampton ta sallame shi a 1750 saboda ya tsaurara sharaɗin wanda zai ci Jibin Ubangiji, ibadar cin gurasa da shan inabi a coci. Ya koma Stockbridge yana wa'azi ga 'yan asalin ƙasar, aka naɗa shi shugaban Princeton a 1758, ya rasu cikin 'yan makonni sakamakon riga-kafin agana da aka yi masa.

To yaushe lauyoyi da likitoci suka fara yawa?

Tun daga tsakiyar ƙarni na 18. Kasuwancin teku ya bunƙasa, shari'un bashi da na fili sun yawaita, albashin fasto kuma bai ƙaru ba. John Adams misali ne mai kyau. Mahaifinsa manomi ne mai ɗinkin takalma, burinsa ɗansa ya zama fasto. Adams ya gama Harvard a 1755, ya tafi Worcester koyarwa, aikin bai yi masa daɗi ba, rigingimun coci kuma sun sa aikin fasto ya fita daga ransa. Sai ya shiga ofishin lauya James Putnam, ya shekara biyu, aka karɓe shi a kotu a 1758. A 1770 shi ya tsaya wa sojojin Ingila da suka harbe mutum biyar a Boston, duk da cewa yana adawa da gwamnatinsu, aka wanke kyaftin ɗinsu da sojoji shida.

Makarantun sana'a sun zo a makare. Ta likitanci ta farko an buɗe ta a Philadelphia a 1765. Kafin nan, mai hali jami'ar Edinburgh ta Scotland yake zuwa, kamar Benjamin Rush da ya gama Princeton a 1760. A fannin shari'a kuwa, Tapping Reeve, shi ma ɗan Princeton, ya fara koyar da ɗalibai a gidansa a Litchfield, abin ya girma ya zama makarantar da ta fitar da ɗimbin alƙalai da 'yan majalisa.

Me ya haɗa 'yan Harvard da shari'ar maita ta Salem?

Suna ko'ina a cikinta. A 1692, a garin Salem na Massachusetts, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne ɗaya da duwatsu har ya mutu. Babban alƙalin, William Stoughton, ɗan ajin 1650 ne. Samuel Sewall, ɗaya daga cikin alƙalan, abokin ajin Edward Taylor ne. Cikin waɗanda aka rataye akwai fasto George Burroughs na ajin 1670, wanda ya karanta Addu'ar Ubangiji ba tuntuɓe a gindin igiya, abin da jama'a suka yi imani maye ba zai iya ba. An ruwaito cewa Cotton Mather, ɗan ajin 1678, shi ya kwantar da hankalin taron aka ci gaba da hukunci.

Abin da ya biyo baya shi ya bambanta su. A watan Janairun 1697 Sewall ya miƙe tsaye a coci, fasto yana karanta takardar da ya rubuta ta amsa laifi da neman gafara. Stoughton bai taɓa neman afuwa ba. Ya ba Harvard kuɗin gini, kuma har yau akwai gini mai ɗauke da sunansa a harabar.

An ce wani ɗan Afirka ne ya koya wa Cotton Mather riga-kafin agana?

Haka ne. A 1706 jama'ar cocinsa suka saya masa bawa, ya sa masa suna Onesimus. Mutumin ya nuna masa tabo a hannunsa, ya bayyana cewa a ƙasarsu akan tsaga fatar mai lafiya a shafa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, ya yi ciwo mai sauƙi, daga nan ba ya ƙara kamuwa. Da annoba ta shiga Boston a 1721, Mather ya roƙi likitocin gari su gwada. Zabdiel Boylston kaɗai ya yarda, shi kuwa bai taɓa shiga kwaleji ba. Wanda ya fi kowa adawa shi ne William Douglass, likitan da ya yi karatu a jami'o'in Turai. Har bom aka jefa cikin gidan Mather, Allah ya sa bai tashi ba.

Lissafi ne ya raba gardama. Cikin kusan mutum 6,000 da suka kamu, 844 sun mutu. Cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa tsaga, shida ne suka mutu. Hanyar tana da haɗari duk da haka, kamar yadda ƙarshen Edwards ya nuna a amsar da ta gabata kan fastoci.

Asalin gida yana da tasiri, ko ƙwazo kaɗai ne?

Yana da shi ƙwarai. Har zuwa wajajen 1770, Harvard da Yale ba bisa haruffa suke jera sunayen ɗalibai ba, sai bisa martabar iyaye. Ɗan gwamna ko alƙali yana sama, ɗan manomi yana ƙasa, kuma wannan jeri shi ke nuna inda mutum zai zauna a coci da wajen cin abinci. John Adams a tsakiyar ajinsa aka sa shi. Amma kwaleji ta kasance tsani ga yaran karkara, musamman ta hanyar aure: fasto matashi yakan auri 'yar wanda ya gada ko 'yar attajirin gari. Adams ma 'yar fasto ya aura, Abigail, wadda mahaifiyarta ta fito daga babban gidan Quincy.

Duk sun goyi bayan yaƙin neman 'yanci?

Ko kusa. Takwas daga cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yancin kai 'yan Harvard ne, har da Samuel Adams, wanda ya kasa kasuwanci ya kasa aikin karɓar haraji kafin ya gano cewa siyasa ce baiwarsa. Joseph Warren, likita, an kashe shi a gumurzun Bunker Hill a 1775. Nathan Hale ya gama Yale a 1773, ya yi koyarwa, Turawan Ingila suka rataye shi a 1776 bisa leƙen asiri yana ɗan shekara 21.

Ɗaya ɓangaren ma 'yan kwalejin ne. Thomas Hutchinson, ɗan ajin 1727, gwamnan Massachusetts ne. Masu zanga-zanga sun wargaza gidansa a 1765, ya bar ƙasar a 1774, ya rasu a Ingila a 1780 yana begen gida. John Wentworth, abokin ajin John Adams, ya rasa kujerar gwamnan New Hampshire, daga baya sarki ya ba shi Nova Scotia. Jonathan Sewall, aminin Adams na ƙut da ƙut, ya ƙare rayuwarsa a New Brunswick. Shi kuwa Benjamin Church, babban likitan rundunar masu neman 'yanci, an kama shi yana aika wa abokan gaba wasiƙa a asirce. A tuna kuma cewa George Washington da Benjamin Franklin ba su yi kwaleji ba, Thomas Jefferson da Alexander Hamilton sun shiga amma ba su karɓi digiri ba.

Bayan 'yanci fa, wane irin aiki suka kama?

Hanyoyi sun rarrabu. James Madison, ɗan Princeton na 1771, ya zama ginshiƙin tsarin mulkin 1787, sannan shugaban ƙasa na huɗu. Aaron Burr, jikan Jonathan Edwards, ya kai mataimakin shugaban ƙasa, ya harbe Hamilton a fito-na-fito a 1804, aka gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa a 1807 aka sallame shi. Noah Webster ya gama Yale a 1778, lauyanci bai karɓe shi ba, sai ya rubuta littafin koyon karatu da ya shiga kusan kowace makaranta, ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828.

Abokin ajinsa Joel Barlow ya fara da wa'azi a rundunar soja, ya koma waƙa da dillancin filaye, aka tura shi Aljeriya ya fanso matuƙan jiragen Amurka da aka kama. Shi ya kula da yarjejeniyar 1796 da Turabulus, wadda ta ƙunshi sashen da ke cewa ba a kan addinin Kirista aka gina gwamnatin Amurka ba, kuma ba ta da gaba da Musulmi. Ya rasu a Poland a 1812, yana bin sawun Napoleon don wata tattaunawa.

Ina matsayinsu kan bauta?

Da yawansu sun mallaki bayi, har da fastoci. Edwards ya sayi wata yarinya a Newport a 1731. Madison ya mallaki fiye da mutum 100. Rahoton da Harvard ta fitar a 2022 ya ce shugabanninta da malamanta da ma'aikatanta sun bautar da fiye da mutum 70 tsakanin 1636 da 1783. Eli Whitney, ɗan Yale na 1792, ya tafi Georgia neman aikin koyarwa, ya ƙera injin gurzar auduga a 1793. Shi bai samu wata riba ba saboda an yi ta kwaikwayonsa, amma noman auduga ya bazu, bayi kuma suka ƙaru daga kusan 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan 4 a 1860. Masu adawa kaɗan ne da farko. Samuel Sewall, alƙalin nan na Salem, ya buga ƙasidar sukar bauta tun 1700.

Akwai 'yan asalin ƙasar, ko baƙar fata, ko mata a cikinsu?

Ɗan asalin ƙasa ɗaya ne ya gama Harvard a zamanin mulkin Ingila: Caleb Cheeshahteaumuck na ƙabilar Wampanoag, a 1665. Tarin fuka ya kashe shi kafin shekara ta zagayo. Abokinsa Joel Iacoomes ya mutu bayan jirgin ruwansu ya yi hatsari dab da bikin yaye, sai a 2011 aka ba shi digirinsa.

Mata ba a ɗaukarsu sam. A 1783 shugaban Yale, Ezra Stiles, ya jarraba wata yarinya 'yar shekara 12, Lucinda Foote, a Latin da Girkanci, ya rubuta mata shaidar cewa ta cancanci shiga ba don mace ce ba. Sai a 1841 kwalejin Oberlin ta ba mata uku digiri iri ɗaya da na maza. Baƙar fata kuwa sun fara fitowa a shekarun 1820: Alexander Twilight daga Middlebury a 1823, sai Edward Jones daga Amherst da John Brown Russwurm daga Bowdoin a 1826. Biyun ƙarshe suna cikin amsa ta gaba.

Akwai waɗanda suka zo Afirka ta Yamma?

Russwurm ya kafa jaridar baƙar fata ta farko a Amurka tare da Samuel Cornish a New York a 1827. Da ya yanke ƙauna cewa za a ba su daidaito, ya ƙaura Laberiya a 1829, matakin da ya jawo masa zagi daga tsofaffin abokansa. Ya zama gwamnan yankin Cape Palmas daga 1836 har rasuwarsa a 1851.

Jones ya tafi Saliyo, ya zama shugaban makarantar Fourah Bay a Freetown, wadda Samuel Ajayi Crowther yana cikin ɗalibanta na farko. A zamanin shugabancinsa ne Bajamushen malami Sigismund Koelle ya koyar a can, ya tattara kalmomin harsunan Afirka fiye da 100 daga bakin 'yantattun bayi, har da Hausar Kano da ta Katsina, ya kuma rubuta nahawun Barbarci.

Ta yaya aka san rayuwar waɗannan mutane daki-daki haka?

Kwalejojin sun riƙa buga jerin tsofaffin ɗalibansu da Latin duk shekara uku, sunan fasto da karkatattun haruffa, wanda ya mutu kuma a sa masa tauraro. A kan wannan John Langdon Sibley, mai kula da ɗakin karatu na Harvard, ya ɗora aikinsa. Ya bi kowane ɗalibi aji bayan aji, ta takardun coci da na kotu da wasiyyoyi da duwatsun kaburbura. Juzu'i na farko ya fito a 1873, kuma juzu'ai uku da ya yi sun tsaya a ajin 1689. Clifford Shipton ya ci gaba daga shekarun 1930 har ya kai jajibirin yaƙin 'yanci. Franklin Bowditch Dexter ya yi wa Yale irinsa a juzu'ai shida.

Mai amfani da su ya lura da abu biyu. Shipton yana da tausayin waɗanda suka tsaya wa sarki, kuma ba ya ɓoye hakan a hukuncinsa. Sannan tsawon labari ya dogara ne kan yawan takardun da mutum ya bari: Mather da Adams suna cin shafuka masu yawa, malamin ƙauye ko wanda teku ta cinye kuwa layi kaɗan ne, matansu da bayinsu ma sau da yawa a lissafin gado kawai sunansu ke fitowa.